Famfon da na gani a Orhus

Jirgin ƙasa daga Kwafanhagan ya sauke ni a Orhus ana yayyafi, su kuwa mutanen garin ko a jikinsu, kowa na kan kekensa. Jami'arsu tana cikin wani lambu mai tafki, gine-ginenta na bulo ruwan ɗorawa. A nan ne Jens Christian Skou ya gano, a 1957, wani famfo da ke jikin fatar ƙwayoyin halittar jikinmu. Da jijiyoyin ƙafar ƙaguwa ya yi aikin. Ƙaguwa fa! Sai a 1997 aka ba shi kyautar Nobel.

A jami'ar, wata mai bincike ta zaunar da ni gaban madubin ƙara girman abu, ta ce in leƙa. Ƙwayoyin maniyyi ne birjik, kowacce da kai da wutsiya, wasu na tsala gudu, wasu na kewaya wuri guda, wasu kwance shiru. Na daɗe ban ɗago ba. Na tambaye ta ina famfon yake, don ni ban ga komai mai kama da famfo ba. Ta yi dariya ta ce ai wannan madubin ba ya kai wa gare shi.

Sai ta ɗauki takarda ta zana mini. A kowane bugu, famfon yana fitar da sodiyam 3, ya shigo da fotasiyam 2, har lantarki ya taru tsakanin ciki da waje. Nan na gane: aikin injin rijiyar burtsatse ne, ya yi ta tura ruwa tankin sama don ranar buƙata. Maniyyi yana da nasa samfurin famfon, ana kiransa alfa 4, a wutsiya yake zaune. A Kansas ta Amurka, ɗakin binciken Gustavo Blanco ya cire wa ɓeraye maza shi, wutsiyar ta lanƙwashe, tafiya ta gagara, haihuwa ta tsaya.

Akwai kuma wata ƙofa mai suna CatSper. Idan ƙwayar maniyyi ta kusanci ƙwan mace, sinadarin furojestaron da ke kewaye da ƙwan ya buɗe ƙofar, kalsiyam ya kwararo ciki, sai wutsiyar ta shiga fyaɗi da ƙarfin da za ta ratsa ƙwan. Wani famfon daban shi ke kwashe kalsiyam ɗin ya mayar waje. Duk wannan a cikin halittar da ido ba ya gani. Tsarki ya tabbata ga Allah.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ya zo ne da muna shan kofi. Ta ce gubar da ake toshe famfon sodiyam ɗin da ita, wabain, daga itatuwan Afirka ake samunta, ciki har da dangin Strophanthus. Ta nuna mini hoto a wayarta: kurangar da ke fitar da ƙwanso biyu kamar ƙaho. Kwankwani ne, wanda maharbanmu ke dafa dafin kibiya da shi! Dafinsa wannan famfon yake kamawa a zuciyar dabba. Alfa 4 kuwa ba ya jure wabain ko kaɗan, shi ya sa masana a Kansas da Minesota suka sarrafa gubar suna neman maganin tazarar haihuwa na maza. A jikin ɓeraye dai sun ga ta rage wa maniyyi gudu.