Mahujin da Bai Nuna Gajiyarsa Ba

Wannan makon daga wurin aikina na kawo muku labari.

Mahaifina kafinta ne. Tun ina ƙarama na san ƙaurin katako in mahuji ya dakushe. Da ya ji ƙaurin sai ya tsaya, ya zare bakin ya wasa shi. Ban taɓa zaton zan tuna wannan a asibitin haƙori ba, inda nake aikin taimaka wa likita.

Dashen haƙori ba a dasashi yake tsayawa ba. Ana huda ƙashin muƙamuƙi ne, a fara da siririn mahuji, a bi da masu kauri ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaura kusar titaniyam a ramin, a jira watanni ƙashi ya kama ta. Wani likita ɗan Suwidin, Brånemark, shi ya fara yi wa mutum wannan dashe a 1965. Sai dai ƙashi abu ne mai rai. In zafinsa ya kai digiri 47 na minti ɗaya, ƙwayoyinsa kan mutu, kuma mataccen ƙashi ba ya riƙe kusa. Shi ya sa muke ta kwarara ruwan gishiri a bakin mahuji yayin huda.

Dakusasshen mahuji ba ya yanka, guga yake yi, guga kuwa zafi take haifarwa. Yawancin namu na ƙarfe ne marar tsatsa. Kowace huda tana cin kaifinsa kaɗan, haka ma tukunyar turara kayan aiki da muke sa shi ciki a digiri 134 bayan kowane majinyaci. Akwai masu rufi mai ruwan zinariya da masu baƙin rufi, an yi su don su jure, amma rufin daga kan kaifin yake fara ɓarewa. Akwai kuma farare na zakoniya, wani irin tangaran mai tauri. Ba sa tsatsa, suna daɗewa da kaifi, amma suna iya tsagewa. Don haka kamfanoni ke ƙayyade sau nawa za a yi aiki da kowanne, ni kuma ke riƙe da littafin ƙirga.

Wani mako aiki ya yi mana yawa, na daina rubutawa, ina cewa zan cike daga baya. Ranar da aka zo yi wa wata dattijuwa dashe, tsohuwar malamar makaranta da ta daɗe tana tara kuɗin, na duba mahujin na ga yana ƙyalli, na jera shi. Likita ya fara huda, sai na ga yana ƙara danna hannu. Ya tsaya.

"Wannan sau nawa ya yi aiki?"

"Likita, ban rubuta ba," na ce, kaina a ƙasa.

Bai ce komai ba, ya miƙo hannu na ba shi sabo. Da aka gama, dattijuwar ta kama hannuna ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata." Na amsa da "Amin, Mama," gabana na faɗuwa, domin ban san ko 'yan daƙiƙun nan sun ƙona mata ƙashi ba. Katakon Baba yana ƙauri ya yi gargaɗi, amma ƙashi a ƙarƙashin ruwa ba ya nuna komai sai bayan watanni.

Wata uku na yi ina duba ranar dawowarta. Da ta dawo aka ɗauki hoto, likita ya ce kusar ta kama. Na shiga ɗakin wanke kaya na yi hamdala ni kaɗai.

Tun daga ranar ba na cire safar hannu sai na ja layi a littafin nan. Mahujin da ya cika adadinsa kuwa, ko da yana ƙyalli, kwandon tsofaffin kaya yake tafiya.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.