Littafin da ya sa ajinmu ya yi tsit

 

Bayan hutun ƙaramar salla, Malam ya ce kowa ya zo da labarin littafin da ya karanta. Ahalari da Iziyya da Risala ba sa cikin lissafi, in ji shi, tunda su dole ne. Ran Laraba bayan la'asar muka zauna.

Yawancinmu Ar-Rahiƙul Makhtum muka kawo, tarihin Annabi (SAW) na Mubarakfuri. Wata 'yar ajinmu ta ce abin da ya tsaya mata a rai shi ne Bilal, yadda aka kwantar da shi cikin zafin ranar Makka aka ɗora masa dutse a ƙirji, har Sayyidina Abubakar ya saye shi ya 'yanta. Mun sha jin wannan, sai muka gyaɗa kai kawai.

Sai wani ɗan ajinmu ya fito da wasu takardu da yayansa ya kawo masa daga jami'a. Tarihin Babatu da Zabarmawa ne, wanda Malam Abu ya rubuta da Hausar ajami, aka buga a ƙasar Folan a 1992. Ya ba mu labarin yadda mahaya dawakai suka yi ta kai hari garuruwan Gurunshi a ƙarshen ƙarni na 19, suna kama mutane. Daga nan ya ce, "Kakata Kasena ce. Mutanenta ke nan."

Wallahi aji ya yi tsit. Maharan nan suna salla kamar mu, kuma da harshenmu aka rubuta labarin. Ga Pikworo nan a Nania, kusa da mu, inda ake tsare bayi kafin a kora su kasuwar Salaga. Har yau akwai ramukan da suke cin abinci a jikin dutse, da dutsen da ake ɗaure mai laifi a rana. A Salaga akwai wurin da ake kira Wankan Bayi, a Yendi kuma kabarin Babatu. Mu dai mun ɗauka abin kallon Turawa ne.

Wani ya ce abin da ya wuce a bar shi. Malam ya tuna mana hadisin Buhari, cewa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗin, Allah da kansa ne abokin husumarsa ranar ƙiyama. Sai muka ji kunya: mun san dutsen Bilal, ba mu san na ƙofar gidanmu ba.

Mun yi alkawari za mu je Pikworo tare. Iyaye da kakanni, na zango da na cikin gari, don Allah in mun zo da tambaya kada ku ce mu yara ne. Ku faɗa mana abin da kuka ji, mu rubuta.

Allah ya jiƙan waɗanda aka zalunta, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.