ƊALIBIN JAWA DA DARASIN DA YA KOYA MINI

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Ni dai ban taɓa wuce Zariya ba, amma tafiyar da yayana ya yi ita ce ta buɗe mini ido. Shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu wannan labari, ko Allah ya sa wani ya amfana kamar yadda na amfana.

A ƙarshen zango na uku na shekarar 2024 aka ba mu sakamakon jarrabawa. Da na duba takardata sai na ga an rubuta da jan biro cewa in maimaita aji huɗu. Lissafi da kimiyya ne suka kayar da ni. Na naɗe takardar na cusa a aljihu, na kama hanyar gida jiki ba ƙwari. Kafin in isa ƙofar gida na riga na yanke shawara cewa ni da boko mun raba gari. Ina da aboki mai gyaran waya a kasuwa, kullum da kuɗi a aljihunsa, na ce gara in bi shi da in zauna aji ɗaya da ƙannena suna yi mini dariya. Da na gaya wa Baba bai ce mini uffan ba. Umma kuwa ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Ana cikin haka sai Yaya ya dawo daga ƙasar Indunusiya, inda ya shekara uku. Gwamnatin ƙasar ce ta ɗauki nauyinsa cikin ɗaliban da takan gayyata daga ƙasashe masu tasowa. Ya fara koyon harshensu tukuna, sa'an nan ya yi digiri na biyu a Jami'ar Gadjah Mada da ke birnin Yogyakarta, wanda mutanen can suka fi kira Jogja. Na zaci zai yi mini faɗa, amma har kwana huɗu bai ta da maganar ba.

A dare na biyar aka ɗauke wuta, muna zaune kan tabarma a tsakar gida, na dafa mana Indomie. Yaya ya ɗaga cokali ya ce, "Kai, ka san asalin wannan taliya?" Na ce ai ta Kudu ce, a can ake yin ta. Ya yi dariya ya ce lalle akwai masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun, amma tushenta Indunusiya, kuma sunan ma daga sunan ƙasar aka ciro shi aka haɗa da kalmarsu ta taliya. Ya ce, "Akwai wanda muka sha cin ta tare idan aljihu ya bushe. Bari in ba ka labarinsa."

Kafin in shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san ƙasar kaɗan. Indunusiya tarin tsibirai ce a kudu maso gabashin Asiya, sun fi 17,000. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 270, mafi yawansu Musulmi, kuma fiye da rabinsu a tsibiri ɗaya suke zaune, watau Jawa. Ta yi shelar 'yancinta daga Turawan Holan ran 17 ga Agusta, 1945. Abokin Yaya mutumin Jawa ne. A al'adarsu ana kiran wa ko wani babban saurayi "Mas", ƙane kuma "Dik". Don haka zan riƙa kiransa Mas, kamar yadda nake kiransa har yau.

An haifi Mas a 1999 a wani ƙauye na yankin Bantul, kudu da Jogja. Mahaifinsa manomi ne mai 'yar fadamar shinkafa, wadda ba ta ciyar da gida sai an haɗa da ƙwadago a gonakin wasu. Mahaifiyarsa kuwa tana yin wani abinci na waken soya da suke kira tempe. Akan dafa waken a naɗe a ganyen ayaba a bar shi ya kwana biyu, shigen yadda ake yi wa daddawa, sai dai shi yankawa ake yi a soya a ci da shinkafa. Mas ne ke rakiyarta kasuwa da asuba yana riƙe mata kwando.

Ran Asabar 27 ga Mayu, 2006, gab da ƙarfe shida na safe, ƙasa ta girgiza. Ba a yi minti ɗaya cur ba, amma gidaje suka zube kamar an rushe su da gayya. Mutane fiye da 5,700 suka rasu, mafi yawansu a Bantul. Allah ya kuɓutar da Mas da mahaifiyarsa don suna kan hanyar kasuwa, mahaifinsa kuma yana gona. Kakarsa da ke kwance a ɗaki ba ta fita ba. A can sabuwar shekarar karatu a watan Yuli take farawa, saboda haka ya shiga aji ɗaya na firamare bayan wata biyu kacal, a ƙarƙashin tanti, don makarantar ma ta faɗi. Idan an yi ruwa sai su ɗora littattafansu a ka. Gidansu kuwa maƙwabta ne suka taru suka tayar da shi, yau a yi na wannan, gobe a yi na wancan. Suna kiran wannan al'ada gotong royong, wato dai aikin gayya irin namu.

Tsarin makarantunsu bai yi nisa da namu ba. Firamare shekara shida, ƙaramar sakandare uku, babbar sakandare uku. Da ganin yaro a hanya za ka san inda ya kai, don 'yan firamare farar riga da jan wando suke sawa, 'yan ƙaramar sakandare fari da shuɗi, manya kuma fari da ruwan toka. Kowace Litinin da safe sai an jeru an ɗaga tuta mai launin ja da fari. Kafin yaro ya bar gida sai ya kama hannun iyayensa ya ɗora a goshinsa, haka kuma zai yi wa malaminsa. A gida Mas harshen Jawa yake yi, amma a aji da harshen ƙasa ake koyarwa, har lissafi da kimiyya. Da la'asar kuma sai ya tafi masallaci karatun Alƙur'ani. Abin da ya ba ni mamaki shi ne su ma suna da nasu ajamin, suna rubuta harshen Jawa da baƙaƙen Larabci, suna kiransa pegon. Makarantun kwana na addini kuwa, da ake kira pesantren, sun cika ƙasar.

Da ya gama firamare a 2012 sai lissafin gida ya ƙi fita. Ba a biyan kuɗin makaranta a ƙaramar sakandaren gwamnati, amma akwai kayan makaranta da littattafai da takalma, ga kuma ƙannensa biyu sun taso. Nan ne mahaifiyarsa ta yi abin da matan ƙauyukansu da yawa suke yi, ta tafi Maleshiya aikatau a gidan wasu mutane. Ta shekara shida tana goyon 'ya'yan wasu, nata suna gida, a tsawon lokacin nan sau biyu tak ta zo ganin gida. Mas ya zama shi ne mai dafa wa ƙannensa shinkafa kafin ya hau keke ya yi tafiyar kusan awa guda zuwa makaranta. Da ya shiga babbar sakandare mahaifinsa ya sayar da saniyarsu guda ɗaya tilo, aka saya masa tsohon babur da sauran abin da ake bukata.

A 2018 ya gama sakandare, ya zauna jarrabawar shiga jami'o'in gwamnati. Jarrabawa ce ta ƙasa baki ɗaya, masu nema dubu ɗaruruwa, guraben kuwa kaɗan. Ran da sakamako ya fito ya duba, bai ci ba. Mahaifiyarsa ta dawo ke nan da 'yan makonni, ga shi ba shi da abin da zai nuna mata. Yaya ya ce Mas ya gaya masa cewa ran nan ya rasa inda zai sa kansa, ya tafi bakin gona ya zauna har magariba.

Da Yaya ya kawo nan sai na ajiye cokali, don na ga kamar da ni ake.

Mas bai zauna ba. Ya shiga acaɓa irin ta can, wadda fasinja ke kiran mai babur ta waya, direbobin suna sanye da koriyar riga. Daga safe zuwa la'asar yana kan titunan Jogja, sau da yawa ma ɗaliban jami'ar da ya nema yake kaiwa har ƙofar aji ya juyo. Da dare kuma ya buɗe tsofaffin tambayoyin jarrabawa da ya aro. A 2019 ya sake zama, wannan karon da kwamfuta aka yi. Allah ya ba shi sa'a, ya sami gurbi a tsangayar aikin gona ta Jami'ar Gadjah Mada, wadda aka kafa a 1949, tana kuma cikin manyan jami'o'in ƙasar. Ya kuma sami tallafin gwamnati na 'ya'yan talakawa masu ƙoƙari, wanda a lokacin ake kira Bidikmisi, ana biya masa kuɗin makaranta ana ba shi ɗan abin kashewa.

Kuɗin ba ya isa ya kama ɗakin haya, don haka ya nemi zama a wani ƙaramin masallacin unguwa kusa da jami'a. A can al'ada ce a ba ɗalibi ɗaki a jikin masallaci, shi kuma ya riƙa shara da wanke wurin alwala, ya kira salla, ya koya wa yara karatu. Bai shekara ba annobar korona ta zo a 2020, aka rufe azuzuwa aka koma karatu ta intanet. Ya koma ƙauye, kullum sai ya hau wani tudu da wayarsa kafin ya ji abin da malami ke faɗa. Bayan an buɗe ya koma masallacinsa, a nan ne suka haɗu da Yaya, baƙo mai neman inda zai yi salla, bai iya ko gaisuwa sosai ba. Mas ne ya koya masa cinikin kasuwa, ya nuna masa rumfunan da ɗalibai ke cin 'yar ƙullin shinkafa mai arha, wadda don ƙanƙantarta suke ce mata shinkafar kyanwa. Da azumi ya wuce kuma ya tafi da shi ƙauyensu suka yi salla tare da iyayensa.

Kafin ɗalibi ya gama a jami'arsu sai an tura shi ƙauye ya yi kusan wata biyu yana yi wa jama'a aiki, sa'an nan ya rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban malamai. Mas ya yi nasa binciken a kan ƙwarin da ke cin shinkafa. Annoba ta ja masa ƙarin lokaci, sai a 2024 ya gama yana ɗan shekara 25. Yaya ya nuna mini hoton ranar. Ga Mas da rigar digiri, ya durƙusa ya ɗora hannun mahaifiyarsa a goshinsa, ita kuma ta kau da kai tana share ido da gefen mayafi.

Washegari da hantsi Yaya ya kira shi ta waya, don su suna gabanmu da awa shida, can la'asar ta yi. Na ga wani siririn saurayi mai fara'a. Yaya ya gaya masa halin da nake ciki, yana yi mana tafinta. Na ɗauka zai ce in yi haƙuri, wata rana zan zama babban mutum. Sai ya ce, "Dik, ni ma na so in bari. Amma da na zauna a bakin gonar nan na lissafa, sai na ga karatun ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai shekara shida na mahaifiyata a ciki, akwai saniyar mahaifina, akwai maƙwabtan da suka ɗora mana rufi. Wanda aka ba ajiya ai ba shi da ikon ya zubar. Kai ma ka zauna ka lissafa naka."

Na kuwa zauna na lissafa. Na tuna adashin da Umma take zubawa da kuɗin ɗinkin hula, wanda duk lokacin da ta kwasa a farkon zango yake ƙarewa. Na tuna Baba ya shekara uku bai ɗinka sabuwar riga da salla ba. Daga baya ma na ji cewa littattafan kimiyyar da nake jefarwa ƙarƙashin gado, Yaya ne ya tsimi kuɗinsu daga ɗan abin da ake ba shi a ƙasar mutane. Ashe ranar da na ce na bar makaranta, dukiyar mutum uku na yi niyyar zubarwa ba tare da na shawarce su ba. A nan na gane dalilin shirun Baba.

Da aka koma hutu na shiga aji huɗu na zauna da ƙannena. Ba zan ɓoye muku ba, makon farko na ji kunya ƙwarai, kuma an yi mini dariyar da nake tsoro. Amma dariya ba ta wuce mako biyu ba kowa ya kama gabansa. Na roƙi malaminmu na lissafi ya riƙa duba mini aiki bayan an tashi, ya kuwa yarda. Ban zama na ɗaya ba, har yanzu lissafi yana ba ni wuya, amma na ci, ga ni yau a aji biyar. Gyaran wayar ma ban raina shi ba, ina zuwa koyo ran Asabar, don sana'a ba ta hana karatu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

To, 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda jarrabawa ta kayar har ya ji zai jefar da littafi, ina roƙonsa ya zauna tukuna ya lissafa hannuwan da suka kawo shi inda yake. Ku kuma iyayenmu, mun ga wahalarku, ko da ba mu iya faɗa ba. Mas yanzu yana aiki da manoman yankinsu, ya kuma ce in na gama sakandare in aika masa da hoton takardata. Na yi masa alkawari. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, amin.

Daga wani ɗalibin aji biyar