Ja da tsanwa a kan takarda

A Python, launi lamba ce kawai. Ka sa \033[31m gaban kalma, sai ta fito ja a baƙin allo. 32 tsanwa ce, 33 rawaya, 1 kuma tana kaurara rubutu. In ka gama ka rufe da \033[0m, in ba haka ba jan ya bi duk layukan da ke ƙasa. Tsarin nan ya girme mu duka, tun 1976 aka fitar da shi da sunan ECMA-48.

Da shi na tsara wa kawuna lissafin bashi na kantinsa a Sabon Gari: wanda ya biya tsanwa, wanda bai biya ba ja. Amma kusa da kowane suna na ƙara kalma, "YA BIYA" ko "DA SAURA". Abokaina suka ce ɓata lokaci ne, ai launi ya isa.

Wallahi bai isa ba. Kawu ba ya duba allo, takarda yake so, wadda yaro zai ɗauka ya tafi Tibiri da Jiratawa karɓo kuɗi. Injin fotokofi baƙi da fari ya sani. In kuma ka tura sakamakon cikin fayil, lambobin nan sai su zama tarkace tsakanin sunaye, shi ya sa nake fara tambayar sys.stdout.isatty() kafin in sa launi. Ga kuma mutanen da idonsu ba ya bambanta ja da tsanwa.

Ka je ƙofar dattijo ka nemi kuɗin da ya riga ya biya, ka ga yadda cinikin shekaru zai watse. Ku sa launi, ƴan uwa, amma ku rubuta kalmar ma.