A Kiyoto, Ɗigo Ɗaya Kan Mai da Babba Kare

Wajen ƙarfe tara da rabi na dare muka shiga bas a Kiyoto, birnin da ya yi fiye da shekara dubu yana fadar sarakunan Japan. Watan Fabrairu ne, ana sanyi mai ratsa ƙashi. A kujerun baya yara ne sa'o'inku, 'yan shekara goma sha biyar, kowa da ƙatuwar jaka a cinya. Daga lesin suke, wanda su ke kira juku, inda ɗalibi kan wuce bayan an tashi makaranta. Babu mai hira. Wata yarinya kusa da mu tana riƙe da littafi da wata 'yar jar leda mai kauri. Ta rubuta amsoshi da biro ruwan lemo, idan ta ɗora ledar a kai sai rubutun ya ɓace. Ta motsa leɓe, ta zame ledar ta duba, ta sake rufewa. Har muka sauka ba ta ɗago kai ba.

Abin da take haddacewa Japananci ne, harshen da ta tashi da shi tun tana goye.

A Japan karatun dole shekara tara ne: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Daga nan babu wucewa kai tsaye. Sai ka zauna jarrabawar shiga babbar sakandaren da kake so, tsakanin Fabrairu da Maris, domin sabuwar shekarar karatu a Afrilu take farawa. A makarantun gwamnati darussa biyar aka saba gwadawa: Japananci, lissafi, Ingilishi, kimiyya da zamantakewa. Wanda makinsa bai kai ba sai ya nemi makarantar kuɗi. Yaran sun san haka.

To me zai ba ɗan Japan wahala a Japananci? Rubutu. Suna da jerin baƙaƙe biyu, hiragana da katakana, kowanne 46, waɗanda yaro kan iya tun yana ɗan ƙarami. Aikin yana ga kanji, alamomin da suka aro daga ƙasar Sin, kowace da ma'anarta. Kafin yaro ya gama firamare ana son ya san 1,026. Jerin da gwamnati ta fitar a 2010 na amfanin yau da kullum ya ƙunshi 2,136. Kuma alama ɗaya takan zo da karatu iri-iri: wadda ke nufin rana, 日, a wata kalma hi ce, a wata nichi, a wata ka. Ban da wannan akwai nassin tsohon Japananci na shekaru aru-aru, da ɗan gajeren insha'i.

Washegari muka nufi unguwar Giyon, inda aka buɗe gidan tarihin kanji a 2016. A tsakiyarsa akwai wata hasumiya da aka lulluɓe da alamomi dubu hamsin. Yara na zagaya ta suna neman na sunayensu. Mu da ba mu san ko ɗari ba, kai ya ɗan juya mana. A nan muka tsaya kan wasu alamomi uku. 大 na nufin babba. Ka sa ɗigo a sama ta dama, 犬, ya zama kare. Ka sauko da ɗigon ƙasa, 太, ya zama mai kauri. Haka kuma 土, wato ƙasa, da 士, wato jarumi: bambancinsu wane layi ya fi tsawo, na sama ko na ƙasa. Sai muka tuna takardun jarrabawar Hausa da muka sha gani, inda ɗalibi ke rubuta kasa yana nufin ƙasa, ko dan a wurin ɗan, ya ce ai malam zai gane. Mai maki a nan ba ya wannan sassaucin. In alamar da ka rubuta ta zama wata, makin ya tafi.

Hukumar da ke da gidan ita ke shirya jarrabawar kanji ta Kanken, daga mataki na 10 zuwa na 1. Mataki na 3, mai alamomi kimanin 1,600, shi ne daidai da mai gama ƙaramar sakandare, kuma wasu makarantu kan duba shi wajen ɗaukar ɗalibai.

Da yamma muka je Kitano Tenmangu, wurin bautar addinin Shinto da aka kafa a 947 domin Sugawara no Michizane, wani masani kuma babban bafade da aka yi wa sharri aka kore shi daga Kiyoto a 901, ya mutu a can kudu a 903. Japanawa na ɗaukarsa uban masu neman ilimi, don haka lokacin jarrabawa wurin cika yake da ɗalibai da iyaye. Itatuwan ume sun fara fure, fari da ja. Ga mutum-mutumin shanu a kwance, kawunansu sun yi sulɓi saboda shafar hannaye. Camfe-camfen ma ba su da iyaka: a gidan da ke da mai jarrabawa ana kauce wa kalmomin faɗuwa da zamewa, ana kuma ba shi kyautar KitKat don sunan ya yi kama da kitto katsu, wato tabbas za ka ci.

Abin da ya fi tsayar da mu shi ne ema, wasu ƙananan alluna na katako da ake rubuta buri a kai a rataye. Dubbai ne, wani kan wani. Abokin tafiyarmu mai jin Japananci ya karanta mana kaɗan, yawancinsu sunan makaranta ne kawai da roƙon a samu shiga. A kan ɗaya ya tsaya ya yi murmushi. Mai allon ya rubuta alamar cin jarrabawa, ya ga ya kuskure layi ɗaya, ya soke ta, ya sake rubuta ta a gefe da ƙananan baƙaƙe, a hankali.