Duwatsun Bagale Da Ruwan Jimeta

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Jimeta ya dubi ƙetaren Binuwai zai hangi duwatsun Bagale. To, jama'a, waɗannan duwatsu asalinsu yashi ne. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta dare a nan, koguna suka yi ta jibge yashi cikin kwarin har ya daskare. Masana na kiransa dutsen yashi na Bima.

Ba ƙanƙara ce ta sassaƙa Bagale ba, kamar yadda ta yi wa duwatsun arewacin Turai. Wadda ta lulluɓe Sahara kimanin shekara miliyan 445 da suka shige ta bar kartarta can a duwatsun Jado na Nijar, tun ba a san za a yi Bagale ba. Nan kuwa zafin rana da ruwan damina ne suka yi ta cin dutsen sannu a hankali, Binuwai na kwashe ɓurɓushin.

Dutsen nan ya shimfiɗu har ƙarƙashin Jimeta da Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841. Da yake yana tsotse ruwa, daga cikinsa rijiyoyin burtsatse ke ɗiba. Abin damuwa shi ne, shaddodi da jujin gari ma a kansa suke zaune.