Ƙwallon Lambu Inda Babu Lambu

Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, daga Sikotland ya fito, ƙasar da ciyawa ba ta rasa ruwan sama. Turawa suka kawo shi Arewa, har aka kafa filin Rayfield a Jos cikin 1913. To, a wuraren da rani ya yi tsanani, sai aka koma ga dabara, watau shimfiɗa yashi gauraye da mai kewaye da kowane rami a maimakon ciyawa.

Irin wannan fili nake shirin zagayawa a hunturun bana, na Rio Bravo da ke bayan garin Yamai. Zagayen ramuka 18 yakan ci awa 4, saboda haka da sassafe zan fara, kafin rana ta take. Doka ta yarda da sanduna 14, amma gorar ruwa ta fi mini kowace sanda amfani.

Wani abokina ya ce gara in nufi Dubai, inda aka buɗe filin ciyawa a tsakiyar hamada cikin 1988. Na ƙi. Mu a Gwallameji, da rani, ɗalibai da magidanta duk 'yan garuwa suke bi. Wanda kuwa ya san kuɗin jarka ɗaya, da wuya ya ji daɗin taka ciyawar da aka shayar domin wasa kurum.

Ina roƙon attajiranmu, in za su gina sababbin filaye, su bar su da yashinsu. Ruwan Gubi na masu ƙishirwa ne.